Na Ƙi Magani Saboda Gashin Kaina

Edita, ni Bahaushiya ce Kirista, haifaffiyar wani ƙauye a kudancin Kano, aure ne ya kawo ni Unguwa Uku. A lokacin da zan ba ku labari ni ce mataimakiyar shugabar zumuntar mata a 'yar majami'armu, ni ce kuma mai ba da waƙa. Ina da murya, ina da baki, kuma Allah ya ba ni gashi baƙi wuluk har gadon baya, wanda mai kitso sai ta yi mita kafin ta gama. A wurinmu mace ba ta hawa bagadi ta yi wa'azi, ba ta zama cikin dattawan ikkilisiya. Iyakar fagenmu zumunta, ni kuwa na riƙe wannan fage da hannu bibbiyu. Tun muna yara aka koya mana cewa gashi darajar mace ne, mace ta rufe kanta in za ta yi addu'a, kuma aski abin kunya ne a gare ta. Ban tsaya a gaskatawa ba, sai da na mai da kaina 'yar sandan abin. Ranar Lahadi a bakin ƙofa nake tsayawa da ɗankwalaye a jaka, duk yarinyar da ta zo kai a buɗe in miƙa mata ɗaya haɗe da harara. Wata budurwa da ta rage gashinta saboda makaranta, a gaban mutane na tambaye ta ko ta gaji da zama mace ne. Aka yi dariya, ni kuma na ji daɗi.

Wata rana ina wanka na ji wani ƙullutu a nonona na hagu. Ba ya zafi, sai na share. Maigidana, wanda ke tuƙa adaidaita sahu tsakanin Gyadi-Gyadi da Darmanawa, shi ya matsa har muka je asibiti. Bayan gwaje-gwaje likita ta zaunar da mu ta ce ciwon daji ne, amma mun zo da wuri, in aka fara magani yanzu akwai kyakkyawan zato. Ta yi bayanin ruwan maganin da za a riƙa ɗaura mini, ta ce zai sa ni amai da kasala, kuma gashina zai zube ƙarƙaf, amma zai sake fitowa. Allah ya sani, daga inda ta ambaci gashi ban ƙara jin komai ba. Maganar zai sake fitowa ta bayan kunnena ta wuce.

Za ku ce ai ɗankwali zai rufa mini asiri. To akwai wata al'ada tamu. Duk shekara kafin babban taron zumunta, matan majami'a kan haɗu a gidan shugabarmu a yini ana kitso da lalle, ana gwada waƙoƙi. Ranar kowa kai a buɗe yake, kuma akan yi ta tsokana ana cewa a fara da ni tunda nawa ne mai cin lokaci. Na dinga hango kaina zaune a tsakar gidan nan da ƙoƙon kai fes, 'yan matan da na yi wa gori suna ƙunshe dariya. Na kuma tsorata da gaske cewa in na tsaya gaban Ubangiji ba gashi, waƙata ba za ta karɓu ba. Sai na ce wa maigidana a bari sai bayan taro. Ya yi lallashi, ya yi faɗa, har ya ce zai sanar da fasto. Na ce masa in ya kuskura ya buɗe baki, ƙauye zan koma da yarana biyu. Ya san halina, sai bai sanar da kowa ba, yana fita aiki ido jawur.

Taro ya wuce, na rera waƙa har mata suna guɗa. Daga nan na ce sai bayan Kirsimeti, sannan na ce sai bayan bikin ƙanwata. Ina ta shan jiƙe-jiƙe da azumi, ina ce wa kaina bangaskiya ce, alhali tsabar girman kai ne da tsoron baki. Ƙullutun ya girma, ya fashe, ya fara wari. Turare nake zubawa kamar me, in zauna nesa da mutane a sujada. Ranar da asirina ya tonu ina tsakiyar ba da waƙa ne, bayana ya riƙe, na zube a gaban kowa. Likitar da ta gan ni ba ta yi mini faɗa ba, kuma da ta yi da ya fi mini sauƙi. Cewa kawai ta yi ciwon ya kai ƙashin baya, yanzu ba maganar warkewa ake ba, sai dai a rage masa gudu.

Da fasto ya zo duba ni na faɗa masa dalilina, tsohon nan sai da ya dafe kai. Ya ce rufe kai ladabi ne a gaban Allah, kuma ko a kan wannan ikkilisiyoyi sun bambanta, amma babu inda aka ce marar lafiya ta ƙi magani don gashi. Ya ce me ya hana ni tambaya. Kaico, ni da nake ganin na fi kowace mace sanin wannan koyarwa, wa zan tambaya? Aka cire nonon, aka ɗaura ruwan da na guje wa, gashin ya zube a kan matashi kamar yadda aka faɗa. Ranar kitson bana na sa aka kai ni, na cire ɗankwalina da hannuna. Ba wadda ta yi dariya. Budurwar nan da na kunyata ita ta tashi ta kawo mini matashi na jingina, ta zauna ta sa mini lalle a ƙafa. Na yi kuka kamar raina zai fita.

Har yau ina rufe kaina in zan yi addu'a, kuma ban ga laifin hakan ba. Laifin nawa ne da na ɗauki koyarwa na mai da ita bulala, na zane 'ya'yan mutane, daga baya ta juyo kaina. 'Yan'uwana mata, Kirista da Musulmi, in kin ji wani abu a jikinki ki tafi asibiti, abin da likita ta ce a fara ki fara a ranar. In wata koyarwa ta tsaya miki a rai, ki tambayi wanda ya fi ki sani kafin ki yanke wa kanki hukunci. Yanzu haka gashina ya sake fitowa, baƙi mai laushi, kamar yadda likita ta faɗa tun ranar farko. 'Yata ƙarama ce take taje mini shi, don hannuna ba ya ɗaguwa, kuma jiya ta tambaye ni ko ni zan yi mata kitson aurenta. Na jingina kaina a jikinta, na ce ta ci gaba da tajewa.