Talatun Takarda

Da ƙarfe takwas na safiyar wata Talata, bayan an gama cirar gyaɗa, aka sauya mini suna a ƙofar lakwal, wato makarantar boko, ta Magarya. Zamanin mulkin Faransa ne, kumandan ya ce kowane gari ya kawo yara, na garinmu Yekuwa ya faɗo kaina. Baba ya kawo ni a kan jaki, muka tsaya gaban Mushe, malamin lakwal, baƙo ne da ba ya jin Hausa, wani gardi, dogarin kumandan, na yi masa fassara.

Sunana na yanka Hadizatu, sunan mahaifiyar Baba da ta rasu kafin a haife ni. Sunan matar Manzo ne ta fari, kuma a garinmu akwai Dije, akwai Dija, akwai Kubura, duk tushensu ɗaya. Amma a gidanmu ba mai iya furta shi saboda kunya. Uwani ake ce mini, a bakin rijiya, a wurin sussukar hatsi, a dandalin gaɗa. Ko tulu na fasa, Inna kan ce, "Uwar masu gida ce, kada a yi mata tsawa."

Mushe ya ɗaga alƙalami. Baba ya ce Uwani. Gardi ya ce wannan laƙabi ne, na yanka ake so. Baba ya sunkuyar da kai yana murza bakin rigarsa. Aka sake tambaya, shiru. Gardi ya yi tsaki ya ce, "Baƙauye ya manta sunan ƴarsa! Yau Talata, a rubuta Talatu." Ni kuwa ran Juma'a aka haife ni.

Washegari aka yi kiran suna ban amsa ba, don ban san da ni ake ba. Kwana uku ina shan tsumagiya a tafin hannu kafin kunnena ya saba, yara suka laƙa mini Talatu kurma. Ba ni da bakin ramawa, sai na koma ga karatu. A shafin ƙarshe na kowane kaye, littafin rubutunmu, nakan rubuta Hadizatu da ƙananan baƙaƙe, a tsanake, layi bayan layi. Da jarrabawar sartifika ta matso na daure na roƙi Mushe ya gyara, ya ce abin da ya shiga babban littafi ya shiga. Na zo ta ɗaya. Aka kira Talatu, aka yi ta tafa wa wata da ban sani ba.

Yau yara na faɗin sunan kakanninsu ba ko ɗar, ni kuwa na tsufa takarduna duk na Talatu ne. Sai da Baba ya kwanta ciwon ajali, ina ba shi kunu, na iya tambayarsa, "Baba, me ya hana ka faɗa?"

Ya dubi rufin ɗaki ya ce, "Uwani, sun karɓe mini ke. In haɗa musu da uwata?"