Ƙaramin Yatsan Idirisa Majemi

To amarya, kin shirya? Rubuta yadda na faɗa, kar ki gyara mini magana irin ta lakkol, ta ƴan boko. Ki ce ni Maliki, kakanki, mai saida bagaruwa a da, yanzu mai gadin zaure a Sabon Garin Maraɗi tunda gwiwa ta ƙi, ni ne nike ba da labarin Idirisa Majemi. Ke kuma ki sa sunanki, Rahma, tunda cikin labarin kike.

Idirisa mutumen Tibiri ne, Bagobiri, jima ya gada. Tun muna samari nike ɗauko bagaruwa daga wajen Jiratawa kan jaki in kai mishi, shi ko shina jeme fatar jar akuya da ita. In ka ga fata ta hito hannunshi, laushinta kamar kunnen jinjiri. To amma abin da ya ba fata, shi ya hana ma kanshi. Ruwan toka da ruwan bagaruwa sun cinye mishi hannuwa, sun yi baƙi, sun tsattsage, sun yi kanta kamar ƙahon rago. In kun gaisa sai ka ji kamar ka kama ɓawon icce.

Matarshi Tasalla ta riga mu gidan gaskiya. Ɗiyan da sunka haihwa duk sun koma tun suna ƙanana, sai guda, ta farin, Tsahara. Ita ma aure ya kai ta Lome, mijinta direban kamyo ne, babbar motar kaya. Sai ya zamana gidan nan na Tibiri daga Idirisa sai tukanen jima.

Da can shina da ƴar salula tashi mai maɓallai, wadda ya ɗaure da roba. Ba ya karatu, kamar ni, amma babban yatsanshi ya san hanya, ko cikin aljihu shina iya latsa lamba. Sai zamani ya juya. Kira daga Lome tsada, kowa ya koma aika murya, bokal ɗin nan taku, ita ko sai salula ta shafa. Maƙwabta sunka ba shi tasu ya gwada, ya shafa gilas, gilas ya yi kamar ba da shi ake ba. Ya danna da ƙarhi, shiru. Ya lashi yatsa ya sake, ta ɗan motsa ta tsaya. Ya ce mini, "Maliki, abin ga bai ɗauke ni mutum ba."

Shi ya sa Tsahara ta dinga aiko da murya cikin salularki. Duk Juma'a in ya kawo fatu kasuwa, bayan an sauko masallaci sai ya biyo nan, ya zauna kan tabarmar can, ke ki kunna mishi, ki riƙe mishi ya maida amsa.

Nan matsalar take, kuma ke a lokacin ba ki gane ba. Tsahara ɗiyar fari ce. Mu mutanen da, ɗan fari ba a kiran sunanshi, ba a nuna an damu da shi gaban mutane. Tunda nike da Idirisa ban taɓa jin sunan yarinyar nan a bakinshi ba, "ta Lome" shike cewa. To ga ki tsaye da salula gab da gemunshi, ga ni zaune na baza kunne, mi za ya ce? Sai ya gyara murya ya ce, "To madalla. A gaida maigidan. A gaida yara. Ruwa ya sauka nan." Ke ki ce, "Baba Idi, shi ke nan?" Ya ce, "To mi ya rage?"

Ita ma da ta san ana saurare, gaisuwa kawai take. Amma wata Juma'a, bayan kin shiga gida, sai ya juyo ya ce mini, "Ka ji yadda ta haɗiye miyau kahin ta ce lahiya lau? Uwarta haka take yi." Na ce wataƙila reso ne, layin waya ka yankewa. Ya ce, "Reso bai haɗiyar miyau." Tun ranar abin da ke ranshi guda ne, ya samu salular da za ta amsa hannunshi, ya tambayi ɗiyarshi abin da ke damunta ba kowa kusa.

Akwai Shamsu mai butik ɗin salula bakin babbar kasuwa. Shi ya nuna mishi hoton wata da ba ta iso ba tukuna. Ya ce ta manyan ƴan kasuwa ce, sama gilas, ƙasa maɓallai reras. Idirisa na jin maɓallai ya miƙe zaune. Ya ce, "Tana bokal?" Shamsu ya ce tana yi. Ya ce, "Da maɓalli?" Shamsu ya ce, "Baba, ni ma hoto na gani. Wataƙila."

Wannan wataƙila ita Idirisa ya ɗauka ya sa aljihu. Duk Juma'a sai ya tsaya butik ɗin, a hiddo mishi waɗanda ke akwai, ya jujjuya su kamar mai sayen fata, ya auna nauyi, ya ƙwanƙwasa baya, ya sa a kunna ya ji amo. Sannan ya zo nan mu baje su a baki. Akwai babba mai faɗin tahin hannu, muryarta garau, hotonta har kurajen huska, amma ya ce wannan in ta faɗa tukunyar toka ta tahi da akuya da yawa. Akwai ƙarama ta talakawa, batirinta na kwana biyu, in ta lalace kowane yaro bakin titin gudiro shina gyara ta, amma duk gilas ce. Ita ko mai zuwa, Shamsu ya faɗa mishi gaskiya: gilas ɗinta ƙarami, kuɗinta manya, in ta samu matsala ba mai kayanta a Maraɗi, kuma maɓallan na baƙaƙen rubutu ne.

Ranar ina wurin, an kai ni kan kabu-kabu in ga likitan gwiwa, munka biya ta butik ɗin. Shamsu ya ce, "Baba, don Allah wa za ka rubuta ma? Akuya?"

Idirisa ya ce, "Ubanka zan rubuta ma, in ce ya zo ya ɗauki ɗanshi, bai iya ciniki ba. Ana so a saya kana korar mutane."

"Ai ga wadda ke hannu ina ba ka!"

"Wadda ke hannu ba ta san hannuna ba."

In ya tambaye ni shawara, ni dai jira nike ce mishi. In ce mai haƙuri shi ka dafa dutse. In ce wa ya taɓa sayen akuya don ta maƙwabci ba ta iso kasuwa ba? Mi kike ma dariya? Rubuta abin da na ce.

Damina ta wuce, anka yi girbi, salula ba ta zo ba. Cikin haka wuƙar katsar fata ta zame ta yanke mishi ƙaramin yatsan hagu, yanka mai zurhi. Ya ɗaure da tsumma da man kaɗe, ya daɗe bai sa shi ruwa ba, shina aiki da yatsa a miƙe. Na ce, "Bagobiri an koyi shan shayi irin na matan gwamna." Ya ce, "Bakatsine da bai iya tashi sai an ja shi, shi ka zunɗen mai aiki."

Rannan Shamsu ya aiko cewa salular nan mai maɓallai ta shigo gari. Ba butik ba, guda ce tak, Alhaji Alkasim na unguwar Zariya ya taho da ita daga tahiya. Alhaji ya daɗe shina sayen fatun Idirisa shina hitarwa waje, don haka ba baƙo ba ne gidan. Ya sa rigarshi ta Idi, ya wanke hannu har sau nawa, ya tahi. Ni ban je ba, shi ya ba ni labari.

Ya ce Alhaji ya karɓe shi da mutunci, ya miƙo mishi ita da kanshi. Ya ce, "Maliki, kyau kam akwai. Ta cika hannu, bayanta kamar fatar da na jeme da kaina." Sai ya ɗora babban yatsa. Maɓallan ƙanana ne kamar ƙwayar dawa, jere a matse, yatsanshi guda ya ruhe huɗu. Ya lalubi inda lambobi suke yadda ya saba, hanyar ba ta nan. Ya ce, "Alhaji, wanne ne na bokal?" Alhaji ya ce, "A'a Malam Idi, bokal ai nan sama take, sai ka dafa gilas ka riƙe." Ya ce ma Alhaji madalla, Allah shi sa alheri. Amma ya ce mini ji ya yi kamar ranar da anka dawo daga kai Tasalla.

Za ya maida ita ke nan, sai ya ga ya bar ɗan datti kan gilas ɗin mutane. Kunya ta kama shi. Ya duba yatsunshi, wanda ya hi tsabta shi ne mai ciwon nan da bai daɗe da kwance ma tsumma ba, sabuwar fata ja-ja. Ya sa shi ya share. Gilas ya zame, hotuna sunka gudu gehe. Ya sake, sunka dawo. Alhaji na magana, shi bai ma ji ba.

Daga unguwar Zariya bai biyo nan ba, wajen baduku ya nuhwa. Ya ba da fata cikin nashi, mai laushin, anka ɗinka mishi ɗan kube daidai yatsan, da zare na ɗaurewa a wuyan hannu. Kullum sai ya cika shi da man kaɗe ya zura yatsa kahin ya taɓa ruwan toka. Majeman Tibiri sunka sa mishi Ango, wai ya sa lalle. Bai kula su ba. Ya koma wajen Shamsu ya ɗauki ƙaramar nan ta talakawa da ya yi wata da watanni shina rainawa, okaziyo ma, wadda wani ya riƙe ya saida. Shamsu ya ce, "To ina ta manyan ƴan kasuwa?" Ya ce, "Na bar ma manyan ƴan kasuwa."

Ke kinka koya mishi inda za ya dafa, kin tuna, har kina ce mishi kar ya ɗaga sai ya gama.

Wani mai kabu-kabu ya ce mini ya gan shi da la'asar bakin Gulbi, can inda ba kowa, zaune ƙarƙashin gawo, kube na reto a wuyan hannu, ƙaramin yatsa kan gilas, bakinshi na motsi. Ya ce ya kai fasinja ya dawo, tsohon na nan bai ɗaga yatsa ba. Mi ya ce mata, mi ta ce mishi, ban sani ba, ban kuma tambaya ba. Abin da na sani, bayan Sallah Tsahara ta zo Tibiri da ɗiyanta ta yi wata guda, mijin ya biyo baya da goro, anka zauna, sunka koma tare. Da ya zo gaya mini ma "ta Lome" ya ce.

Wannan zuwan shi ne na ƙarshe da ya zauna kan tabarmar can. Ba faɗa munka yi ba. Yanzu in ya kai fatu sai ya hau mota ya koma da wuri, jikoki na jiran ya aika musu kukan akuya. Ni ma shina aiko mini da bokal cikin salularki, kin sani, shina ce mini gurgun Bakatsine. Ina jin daɗinta. Amma bokal ba ta shan hura, ba ta kuma yin shiru tare da mutum.

A'a, bar tabarmar inda take, ba ta tare ma kowa hanya ba.

Aje alƙalamin. Kawo salular, nuna mini inda ake dafawa, ni hannuna bai ga toka ba. Ke kuma ɗan shiga ciki ki duba ko an sauke tuwo. In na gama na kira ki. Gobe Juma'a ce ko?