Dambun Inna Asabe da Tafiyar Kilomita Dubu Goma

Inna Asabe shekararta sittin da uku, mijinta ya rasu tuntuni. Shekara ashirin da biyu ke nan tana sayar da dambu a unguwar Gyadi-Gyadi da ke Kano, yawancin masu sayensa nas-nas ne da ɗaliban asibitin koyarwa. Ba ta taɓa shiga jirgin sama ba.

'Yarta ɗaya, Zulaihat, nas ce, ta bi mijinta Malesiya inda yake karatu. Watan jiya ta bugo waya. Ciki ne wata uku, laulayi ya hana ta cin komai, har likita ya fara yi mata faɗa.

"Inna, wallahi in na rufe ido dambunki kawai nake gani."

Aka yi dace Jummai, ƙawar Zulaihat da ke Daurawa, za ta tafi can kwas nan da mako biyu. Inna ta same ta har gida, ta tambayi nisan wurin. Jummai ta duba waya ta ce daga filin jirgin Kano zuwa na Kuala Lumpur ya haura kilomita dubu goma, in an bi a miƙe.

"Ni ban san kilomita ba, 'yar nan. Dambu zai kwana nawa?"

Jummai ta yi dariya. Ta ce babu jirgin da ke zuwa kai tsaye, sai an sauka an canza, don haka daga ƙofa zuwa ƙofa a ƙiyasta awa ashirin da shida.

Washegari da sassafe Inna ta zuba dambu a kula, ta sa a akwati ta kulle, ta tura ƙarƙashin gado. Ba ta buɗe ba sai hantsin kashegari. Ya yi tsami. Ta sake gwadawa babu albasa, ta sake da ƙarancin mai. Garba mai shagon kusa da ita ya samu abin tsokana.

"Inna, yau jirgin naki ya sauka?"

"Ya sauka, Garba. Fasinjan ne bai kai ba."

Da gwaji na huɗu shi ma ya yi tsami, ta zauna bakin gado da kula a cinya. Ita ce ta riƙa korar Zulaihat daga gindin murhu zuwa ga littafi, shi ya sa yarinyar ba ta taɓa turara dambu da hannunta ba.

Ta shanya zogale a inuwa har ya bushe kore shar. Ta ƙulla tsakin masara, garin ƙuli-ƙuli da yaji, kowanne daban, ta kai wa Jummai.

Ranar Talata bayan Jummai ta isa, da safe a Kano, la'asar a can, Zulaihat ta kira ta bidiyo daga kicin. Inna ta manna fuska a waya.

"Yayyafa ruwan, kada ki zuba! Murza da yatsu. Haka kuke wa marasa lafiya allura?"

Zulaihat ta yi dariya, karon farko cikin makonni. Da dambun ya nuna ta zauna ta ci, loma bayan loma, Inna na kallo. Da ta gama, Inna ta ce ta karkato farantin ta gani. Babu ko ƙwaya.

Jiya da safe Inna ta sake shanya zogale a inuwa, ta aika wa Jummai saƙo tana tambayar ko ta san wani mai tafiya.