Ranar da Na Kai Kaka Gida ta Talabijin

Bakina ne ya ja min, kamar yadda ya saba. A lokacin ina haya a unguwar Aboabo a Kumasi, ɗaki ɗaya, kuma ban da katifa ba ni da wata kadara sai talabijin da na'urar gem ta hannu da na saya wurin wani mai gyaran waya. Wasan da nake yi irin wanda kake zama jarumi ne, ka yi ta yawo gari gari, kana karɓar aiki kana ƙara ƙarfi. Na gama shi tas, sai masu shi suka fitar da ƙari, wato wani sabon yanki da za ka biya ka sauke ta intanet. Tallarsa ta nuna rairayi, raƙuma, gidajen ƙasa da mutane masu rawani. Ina gani na ce ai wannan ƙasarmu ce.

Ƙasarmu da ban taɓa takawa ba. Kakana ne ya baro ta yana saurayi, daga wani ƙauye a Nijar, ya biyo fataken goro har Kumasi ya zauna. Yanzu gwiwoyi sun ƙi, ko masallaci sai da sanda, kuma kowa a gida ya san ba zai sake ganin garinsu ba. Shi ma ya sani, bai dai faɗa.

Da na je gaishe shi, sai na hau cika baki.

"Tsoho, na sayo maka garinku. Yana cikin talabijin ɗina."

"Kai maƙaryaci ne tun kana cikin zani," in ji shi. Sannan ya tambaya, "Da rijiya?"

Na ce da rijiya, da kasuwa, da komai. Alhali ko buɗe abin ban yi ba, data ta ƙare min yana rabin sauka. Talla kawai na gani na ɗora masa rantsuwa.

Ranar Juma'a bayan an sauko, sai ga tasi a bakin lungunmu. Kaka ne, kuma ba shi kaɗai ba. Ya ɗauko amininsa daga Moshi Zango, wani dattijo ɗan Mosi da suka yi dakon goro tare, wanda ya shekara da shekaru yana jin labarin garin nan. Da safen nan abin ya gama sauka, ban samu na leƙa ba. Na shimfiɗa musu tabarma, na kunna, ina addu'a a zuci.

Farkon dai lafiya lau. Rana ta faɗo a kan rairayi, jarumina yana tafe, can ga gari. Kaka ya matso har gemunsa na neman taɓa gilashi. Amininsa ya ce, "Ei, ya yi kyau paa!"

Muna shiga garin asiri ya fara tonuwa. Gidajen duk gida ɗaya ne aka yi ta maimaitawa. Mutanen fuska uku ce ake juyawa, mai gemu, marar gemu, da wata mata da ke tsaye da tulu a ka tana kallon bango. Kasuwar rumfa ce da ba mai saye ba mai sayarwa. Wani raƙumi ma rabin ƙafarsa cikin ƙasa take. Raina ya ɓaci, don na gane an yi mana aikin gaggawa an karɓe kuɗinmu, amma ban isa in yi tsaki a gaban baƙi ba.

Sai hannuna ya yi abin da ya saba. Duk mai irin wannan wasa ya san ka'ida: ka ga ƙofa, ka faɗa, ka fasa tukwane, ka buɗe akwati, ka kwashe abin da ke ciki. Ban ko yi tunani ba na kutsa gidan farko.

"Kai! Ba ka yi sallama ba," in ji Kaka.

Na yi dariyar yaƙe na ce ai babu maɓallin sallama. Kafin in rufe baki jarumina ya riga ya rotsa tulu biyu, mai gidan yana tsaye yana kallo.

"Ruwan mutane ne ka zubar?"

"Ba na gaske ba ne, tsoho."

"A garinmu baƙo ko ɓarawo ne sai an ba shi ruwa ya sha. Kai kuma ka zo ka fasa tulun."

Dattijon Mosi ya ƙyalƙyale da dariya. "Jikanka ya zama ɓarawo koraa. Wannan ne garin da kake ba ni labari?"

Wasa yake yi, amma Kaka bai yi dariya ba. Ni kuwa kunya ta rufe ni, na rasa inda zan sa fuskata. Kuma abin bai tsaya nan ba. Aikin da wasan ya ba ni shi ne in karkashe masu rawanin nan, don su ne 'yan fashin labarin. Rubutun ya fito ɓaro ɓaro a sama. Na gode Allah da ba su karanta Turanci, na yi maza na juya jarumin ya bar wurin.

Kaka ya ce in kai shi rijiya. Na kai shi. Da'ira ce ta duwatsu, ba guga, ba igiya, ba sawun dabba ko ɗaya. Ya daɗe yana kallonta. Sannan ya nuna wata 'yar hanya da ta wuce ta bayanta, ta nufi wasu itatuwa can nesa.

"Bi nan. In garinmu ne, wannan hanyar tana kaiwa ƙauyen su innata."

Na bi. Taku kaɗan jarumin ya tsaya cak. Iyakar abin da suka gina ke nan, itatuwan zane ne kawai. Na ce masa ba ta wucewa.

"Ba ka iya ba ne. Kawo."

Na miƙa masa rimot ɗin, na ɗora babban yatsansa a kan 'yar sandar da ke tafiyar da jarumin. Ya tura. Jarumin ya hau tafiya a wuri ɗaya, ƙafafu na motsi, jiki bai gaba. Amininsa ya daina dariya, ya ce su tashi kada la'asar ta same su a hanya.

Kaka bai ko waiwayo ba. Ya ce, "Bari dai. Ya kusa."

Ya ci gaba da turawa.