Tsaga ta Huɗu a Fatar Wanzam

"Yau ma sau biyu ya tsaya."

"Wa?"

"Wanzam mana. Da in ya fara goga aska a fata, sai ka saita agogonka da shi. Yanzu sai ka ji shap, shap, shiru, sannan shap."

"Kai dai ba ka da aiki sai sauraren shagon mutane."

"Ni dai ba zan kai wuyana ba. Ka kai naka."

Masu maganar suna kan benci a gindin tagar shagon, ba su lura a buɗe take ba. Wanzam ya ji su sarai. Bai leƙa ya ga ko su wa ne ba, sai ya ɗauki tawul ya rufe fatar da ke rataye a ƙusa.

Shekara arba'in da ɗaya ya yi a shagon nan mai faɗin taku uku: kujera ɗaya, madubi mai tabo a gefe, da fatar. Ba ya taɓa fuskar mutum sai ya goga askar sau talatin. A kwance yake ɗora ta, bayanta ke gaba, in ya kai ƙarshe ya juya ta a kan bayan nan, ba a kan kaifi ba. Wanda ya juya a kan kaifi zai yanki fatar. Duk tsawon shekarun nan bai taɓa yankarta ba. A watan nan kaɗai ya yi mata tsaga uku.

Babban yatsansa na dama ne ke zabura ba tare da ya aike shi ba. Matarsa ta lura tun ranar da shayi ya zube masa a riga.

"Malam, ka je a duba hannun nan."

"Kofin ne ya cika."

"To gobe zan zuba maka rabi, mu gani."

A tsallaken titi akwai shagon wani magidanci mai aski da inji, wanda ya tare shekara takwas da suka wuce, ya kwashe mutanen Wanzam ɗaya bayan ɗaya ba tare da ya kira kowa ba. Kullum da safe sai ya gaishe shi: "Baba, an tashi lafiya?" Kullum amsar ɗaya ce: "Lafiya lau, mai yankan ciyawa." Wanzam bai taɓa taka ƙofarsa ba.

Ranar Talata da hantsi Direba ya shigo yana laluben bango da sandarsa. Abokin Wanzam ne tun suna samari, tsohon direban bas, idonsa ya tafi shekara shida ke nan.

"Mahauci, kana ciki?"

"Ina nan, mai ɓatar da fasinja. Zauna."

Wanzam ya ɗaura masa tawul, ya kaɗa sabulu, ya shafe masa fuska da kumfa. Sannan ya ja ƙarshen fatar da hagu, ya ɗora aska. Ɗaya, biyu, uku. Ya riƙe numfashinsa. A na sha tara yatsan ya zabura, askar ta juya a kan kaifinta, ta shige fatar da ɗan sauti kamar an yagi takarda.

"Sha tara," in ji Direba. "Ka cinye mini sha ɗaya."

"Fatar ce ta bushe."

"Uhm. Makon jiya ma ita ce ta bushe."

Wanzam ya ajiye askar. Ya ɗauko ɗaya askar, ya goga ta a sama inda babu tsaga, a hankali, har talatin. Kuncin dama ya fita tas. Na hagu ma haka. Ya yi haɓa, gumi na bin bayansa. Saura wuya.

Direba ya ɗaga kai da kansa kamar yadda ya saba, maƙogwaronsa a miƙe, jijiya na bugawa a ƙarƙashin kumfa. Wanzam ya kawo askar kusa. A madubi ya ga bakinta yana rawa.

"Me kake jira?"

"Kumfar ta sha iska."

"Wanzam." Direba bai sauke kai ba. "Tun watan jiya nake jin hannunka. Makaho ba kurma ba ne."

"Da ka ji, me ya dawo da kai?"

"Ina zan je? Wa zai zage ni yana aske ni?" Ya haɗiyi yawu, maƙogwaron ya yi sama ya dawo. "Ni shekara biyu na yi ina tuƙi da hazo a ido, ina ce wa mutane gilashi ne ya yi datti. Ban ajiye makulli ba sai da na buge mai keken nan. Har yau in ya wuce ta layinmu ina gane tafiyarsa, ƙafa ɗaya tana jan ƙasa. Amma wannan wuyana ne, ba na wani ba. In za ka yi, bisimilla."

Wanzam ya janye hannunsa. Ya kalli fatar, tsagar nan ta huɗu ta buɗe baki, fara sol a tsakiyar baƙin da shekaru suka yi mata. Ya naɗe askar, ya ajiye ta a gaban madubi.

"Kada ka motsa."

"Ina zan motsa da rabin gemu?"

Masu benci suka bi shi da kallo da ya fito. Ya tsallaka titi, hannun dama a cikin aljihu. Mai inji yana kakkaɓe kujera, da ya gan shi a bakin ƙofa sai ya saki tsumman.

"Baba, lafiya?"

Wanzam ya buɗe baki, sunan nan na kullum ya zo masa, ya mayar da shi.

"Ɗana," ya ce, "ɗauko rezarka. Akwai mutum a kujerata, saura wuya. Don Allah zo ka ƙarasa masa, kuma ka bi a hankali, yana da ƙurji a ƙarƙashin haɓa."