Askar Kawu ta Ƙarshe

Kawuna mai aski ne tun kafin a haife ni. Shagonsa kujera ɗaya ce, da madubi mai tsaga a kusurwa, sai asake jere a kan farin tawul. Ga shi da tsokanar tsiya. In mai sanƙo ya shigo sai ya ce, "Aski ka zo, ko dai a goge maka ƙura?" Doka ɗaya gare shi: ba ya sauraron magana a tsaye. Ko gaisuwa ka kawo, sai ka zauna ya ɗaura maka ƙyalle a wuya.

Da mantuwa ta fara, dariya muka riƙa yi. Ya aske rabin gemu ya ce an gama. Ranar da ya ɓata a layin gidansa dariya ta ƙare, na kai shi asibiti.

Aka ce ciwon mantuwa ne, aka ɗebi jininsa. Likita ta ce min akwai alamun garkuwar jiki da suke dubawa, masu nuna kumburi, kuma nasa sun hau sosai.

"To, me ke nan?" na ce.

"Ba tabbas ba ne. Amma masu irin wannan, ciwon yakan yi sauri da su. Hannu zai daɗe yana tuna aikinsa, fuskoki ne za su riga tafiya. Ku raba shi da aska."

Faɗa ba wuya! Wa zai dubi idon Kawu ya ce masa haka? Matarsa ta bi ta bayan gida: in ta kai masa abinci sai ta faki ido ta ɗauke aska guda. Kawu ya daina tsokana, ya koma bin hannun duk wanda ya shigo da kallo. Da ya rage saura aska ɗaya, a aljihunsa take kwana.

Ni aka tura in karɓo ta.

"Kawu, magana na zo da ita."

Ya nuna kujera, na zauna. Ya ɗaura ƙyalle, ya shafa kumfa, ya ɗaga haɓata da yatsa. Ƙarfen ya sauka a maƙogwarona, sanyi ƙalau, hannun nan ko gezau. Na kira shi a hankali. Ya daɗe yana kallona ta madubi, babu alamar ya taɓa ganina.

"Bawan Allah," ya ce, "kar ka motsa. Ina ka kai sauran?"