Gaisuwa Ta Cinye Taronmu

A ƙaramar sakandarenmu ta Talata Mafara, ta 'ya'yan Kiristocin da aiki ya kawo garin, shugabar makaranta ta tara malamai da wakilan ɗalibai don yanke shawara kan karatun Asabar. Ni na wakilci ajinmu, na sha alwashin sai an soke shi.

Amma iyayenmu sun hore mu da gaisuwar garin, kada a ce baƙi ba su da ladabi. Na bi malamai ɗaya bayan ɗaya ina durƙusawa: ina kwana, ina gajiya, ya iyali. Sauran wakilai suka bi sahuna.

Muna gamawa aka kaɗa ƙararrawa. Shugaba ta miƙe ta ce, "Tunda kowa ya ce lahiya lau, sai Asabar ke nan."